Rabe Mai Inji Ya Tambayi Gabas

Rabe mutumin Gumel ne, amma Gumel ba ta ci moriyarsa ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ya bi ayarin masu zuwa Hajji a ƙafa, shi da wani kawunsa. Kawun ya rasu tun ba su fita ƙasar Chadi ba, shi kuwa ya ci gaba, don a ganinsa komawa ta fi wuya. Shekara bakwai ya yi a hanya. Biyar daga ciki a gonakin audugar Sudan ya yi su, da fari yana tsinkar auduga, har wani Basudane mai kula da injin ban ruwa ya gaji da ganinsa tsaye yana kallo, ya miƙa masa tsumma da gwangwanin giris. Sana'ar da ya ci abinci da ita ke nan har ya tsufa. Bai shiga boko ba, allon ma bai yi nisa ba, amma in ya ɗora tafin hannunsa a jikin inji yana aiki, zai gaya maka abin da ke damunsa kafin a kwance noti ɗaya.

Da ya iso Makka ya sauke farali, bai ƙara maganar gida ba. Ya samu wuri a unguwar Nakkasa, can saman dutse, inda in ka hau da kaya sai ka huta sau biyu. Ga-ruwa ya fara yi, garwa biyu a sanda, har shekara biyu, sannan ya samu shiga wani gareji a unguwar Jarwal da ke gyaran manyan motocin alhazai. A nan aka laƙaba masa Mai Inji. Ya auri Sa'adiya, 'yar mutanen Katsina da aka haifa a hanya, a wani ƙauyen Sudan, mace gajera mai kaifin baki wadda ke soya gyaɗa tana ƙullawa a takarda. Suka haifi mata biyu, Rumasa'u da Asiya. Ɗakinsu na langa-langa ne da katakon akwati, da rani sai ka ce tanda. Ba su yi arziki ba, ba su kuma kwana da yunwa ba.

Aikin teku ya zo masa ne ta dalilin wata mota da ta ƙi tashi. Mai motar ma'aikaci ne a wani jirgin sintiri na gwamnati da ke Jidda. Ya tsaya yana kallon yadda Rabe ya saurari injin ya tafi kai tsaye inda ciwon yake, sai ya ce suna neman mutum irinsa a jirginsu. A lokacin, cikin 1961, Rabe ya riga ya samu takardar zama ɗan ƙasa, saboda haka ba abin da zai hana shi sai tsoro. Sau ɗaya ya taɓa hawa teku, daga Sawakin ta gaɓar Sudan zuwa Jidda, a jirgin katako, kuma kwana shida ya yi yana amai. Ya kawo wa Sa'adiya maganar yana fatan ta hana shi. Ta ce aikin gareji wata uku ne a shekara, lokacin alhazai, sauran watannin zaman benci ne da shan shayi, kuma amai bai taɓa kashe kowa ba. Ya tafi.

Jirgin ba babba ba ne, mutum ashirin da 'yan kai ke cikinsa, da shugabansu da suke kira rayyis. Wurin Rabe a ƙasa yake, ƙasa da bakin ruwa, in ya jingina da bangon ƙarfe yana jin teku na gogar ɗaya gefen. Ba taga, ba hasken rana, sai ƙwan lantarki uku da manyan injina biyu masu ruri ba dare ba rana. Su biyu ke karɓa-karɓa, shi da wani mutumin Yanbu. Rabe ya kama daga azahar har bayan magariba, ya hau ya ci abinci ya yi isha'i cikin jam'i a saman jirgi, ya ɗan rintsa, ya sake sauka ya riƙe har hantsi. Ke nan salla huɗu cikin biyar a ƙasa yake yin su, shi kaɗai, a kan wani buhu da ya shimfiɗa tsakanin injinan.

Wurin ya karɓe shi. Aman ya tsaya a kwana na uku. Ya gano yana son aikin da ba mai tsayawa a kansa yana gaggauta shi, inji biyu ne kawai, kuma ya san halin kowanne. Na dama ya sa masa suna Dattijo. Na hagu, mai yawan ƙorafi amma bai taɓa mutuwa a hanya ba, ya sa masa Sa'adiya, sai dai wannan bai taɓa faɗa a gida ba.

Akwai wani bututun tagulla da ya taso daga ɗakin tuƙi ya sauko ɗakin inji. Ta nan ake magana: ka busa a ji, ka sa baki ka faɗa, ka kara kunne ka ji amsa. Wanda ke riƙe da sitiyari a lokutan aikin Rabe shi ne Abdulƙadir, haifaffen Jarwal, mutum mai shekara talatin da ɗoriya, wanda kakansa ne ya zo Hajji daga Zazzau bai koma ba. Abdulƙadir ya yi makaranta, ya iya karanta kamfas da taswira, Larabcinsa na 'yan gari ne. Hausarsa kuwa ragowa ce, gaisuwa da sunayen abinci da zagi biyu uku da ya ji a bakin kakarsa, sai wasu kalmomi da ya tsinta nan da can yana alfahari da su. Su biyu ne kaɗai masu jin Hausa a jirgin, Rabe kuwa ya ƙudura ba zai yi wa jikan Bazazzagi Larabci ba.

Jirgi juyawa yake yi, wanda ke ƙasa bai san inda aka dosa ba. Don haka in lokacin salla ya yi, Rabe ya yi alwala da ɗan ruwan gwangwani, ya busa bututu ya ce, "Ɗan Jarwal, ina gabas?" Abdulƙadir ya dubi kamfas ya ce goshin jirgi, ko hannun dama, ko baya ka ɗan karkata hagu. Rabe ya juya buhunsa ya ta da kabbara.

Bai taɓa cewa alƙibla ba. Ya san kalmar, kullum yana jin ta a bakin Larabawa, amma shi tun yana yaro in za a yi salla gabas ake kallo, in za a yanka rago gabas ake kallar da shi, mamaci ma gabas ake fuskantar da shi. Shekara bakwai da ya yi yana tafiya, inda rana ke fitowa nan Makka take, ba su taɓa rabuwa ba. Shekara biyun farko kuma jirgin bai yi nisa da Jidda ba, fita ce ta kwana goma ko sha biyar a dawo, kuma daga ruwan Jidda Makka gabas take da gaske. Ba abin da ya ɓaci.

Sai cikin 1963, ana yaƙi a Yaman, aka tura su kudu, ruwan Jizan da tsibiran da ke wajen. Aka ce wata biyu za su yi. Shida suka yi. Ruwan sha da awo ake ba su, wanka da ruwan gishiri wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa. Shinkafa da kifi da rana, kifi da shinkafa da yamma. Kuka da daddawar da Sa'adiya ta ƙulla masa suka ƙare a wata na biyu, ya ajiye tsumman yana shinshinawa. In sun shiga Jizan shan mai da ɗibar ruwa, sauran su fita gari su miƙe ƙafa, masu inji kuwa lokacin ne suke kwance abin da ba ya kwantuwa ana tafiya. Wasiƙa sau biyu ta same shi. Rumasa'u ce ta rubuta da Larabcin makarantar 'yan mata da aka sa ta, Abdulƙadir ya karanta masa: kowa lafiya, akuyar maƙwabta ta cinye takardun ƙulla gyaɗa, Inna ta ce kada ka ba kowa aron bargonka.

A wata na uku mutane suka fara gajiya da fuskokin juna. Aka yi faɗa kan tashar da za a kama a rediyo, aka yi kan wanda ya ƙarar da sukari, wasu abokai biyu suka yi sati uku ba sa magana alhali gadonsu ɗaya a saman ɗaya. Rabe bai shiga ko ɗaya ba. In hayaniya ta tashi sai ya sauka wurin injinansa, inda ba mai biyo shi saboda zafi.

Wata rana da hantsi yana shan iska a sama, teku ta tsage can nesa, wani abu baƙi dogo ya taso ruwa na zuba daga bayansa. Jirgin yaƙi ne na ƙarƙashin teku, na wata ƙasa da ba su tantance ba, wucewa yake yi. Mutane suka fito ta wata ƙofa a samansa, 'yan ƙanana saboda nisa, suka tsaya suna kallon sama. Abdulƙadir ya ce irin waɗannan sukan yi makonni ba su ga rana ba. Sauran ma'aikata suka yi ta ta'ajibi. Rabe ya ce shi bai ga abin mamaki ba, 'yan uwansa ne, bambancin kawai su har rayyis ɗinsu a ƙasa yake tare da su. Ya ɗaga musu hannu. Ba wanda ya mayar, wataƙila ba su gani ba.

Azumi ya same su a can. Rayyis ya ce matafiya ne su, masu inji su sha su rama a gida. Rabe ya ƙi. Ya jiƙa tawul da ruwan teku ya rataya a wuya, ya yi wata cur bai sha ko ɗaya ba, yana ƙara nafiloli a kan buhunsa. A ransa ya ji bai taɓa yin azumi mai kyau irin wannan ba, ko a Makka.

Ranar Ƙaramar Salla aka jefa ƙugiyar tsayar da jirgi a bayan wani tsibiri, aka kashe injina, kowa ya hau sama da fararen kaya. Wannan ne karo na farko tun barin Jidda da Rabe ya tsaya a sahu rana na waje. Ta ɗan ɗaga, ja-wur a kan ruwa. Ya duba gabansa bai gan ta ba, sai ya ji zafinta a bayan kafaɗarsa ta dama. Ya taɓa Abdulƙadir da gwiwar hannu.

"Ɗan Jarwal, sahun nan ya karkace. Ga gabas can."

"Aiwa, ya ammi," in ji Abdulƙadir, wato ƙwarai, baffa. "Gabas can. Alƙibla nan."

"Gabas can, alƙibla nan, kamar yaya?"

"Makka arewa take. Mun baro ta a baya min zaman, tun tuni."

Liman ya ta da kabbara, Rabe ya bi, amma bai san abin da aka karanta ba. Ana sallamewa, mutane na rungumar juna, ya ja Abdulƙadir ɗakin tuƙi ya ce ya nuna masa. Abdulƙadir ya shimfiɗa taswira, ya ɗora yatsa ɗaya a inda suke, ɗaya a Makka. Rabe bai iya karatu ba amma ya iya ganin yatsu biyu. Ɗaya na saman ɗaya, har da ɗan karkata yamma.

"To duk watannin nan da nake busa maka bututu, me kake ba ni?"

"Ka ce gabas, na ba ka sharƙ. Gabas sharƙ ne, yamma garb. Na sani sarai."

"Mutum ya tambaye ka gabas da azahar, da la'asar, da magariba, da asuba, kullum, ba ka ce me zai yi da ita ba?"

Abdulƙadir ya ce ya ɗauka don bututun iska ne da ke kai musu sanyi ƙasa, ko ana juya shi ne a kauce wa rana. Ya ce salla ta taɓa faɗo masa a rai, amma ya ga mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu a Makka ai ya san kalmar alƙibla.

"Kakarka in za ta yi salla, ina take kallo?"

Abdulƙadir ya yi tunani da gaske, sannan ya ce, "Bango."

Rabe bai ci abincin salla ba. Ya sauka ƙasa ya zauna a kan buhun, injina a kashe, shiru kamar kabari, ya tsaya yadda ya saba tsayawa ya auna. Ɗakin Allah a bayan kafaɗarsa ta hagu yake. Mutumin da ya taka ƙasa shekara bakwai don ya ga Ɗakin, shi ne ya ba shi kafaɗa wata biyar, har da azumi. Watan da ya rage musu a teku, in ya busa bututu da Larabci yake tambaya, a taƙaice, kamar ga baƙo. Hausa ta mutu a jirgin. Kuma ya yanke cewa in ya taka Jidda ya gama da aikin da ke jefa mutum rami har ya kasa sanin inda Ubangijinsa ya ce ya kalla.

Suka dawo ana shirin aikin Hajji, aka ba su hutu har bayan Babbar Salla. Ya hau Nakkasa da akwatinsa na ƙarfe a ka, yara suka tarye shi, maƙwabta suka shigo barka da sauka. Sai da aka watse ya gaya wa Sa'adiya ba zai koma ba. Tana gaban kasko tana juya gyaɗa cikin yashi. Ta tambaya ko sata aka ce ya yi, ya ce a'a. Ko wani ya mare shi, ya ce a'a. Da ya ba ta labarin, ta yi dariya har ta ajiye matsamin ta share ido da gefen zane.

"Malam, nuna mini gabas a ɗakin nan."

Ya nuna bangon da suke kallo in za su yi salla.

"To gobe da safe ka fito ka ga ta inda rana za ta ɓullo. Ta bayan makewayin maƙwabtanmu su Saudatu take fitowa, a damanka. Shekara goma sha ɗaya kana kallon arewa a ɗakin nan kana ce mata gabas, ban ga ka bar ɗakin ba."

"Ba ɗaya ba ne. A nan bangon daidai yake, sunan ne ba daidai ba. A can sunan ne daidai."

Ba ta saba ya kayar da ita ba. Ta ce wannan kuma gaskiya ne, ya je wurin Malam Isa, amma kada ya je ya faɗa wa mutanen jirgi komai tukuna.

Malam Isa tsoho ne Basakkwace da ke zama a wata kusurwa ta Harami bayan la'asar, mutanen unguwa na kawo masa tambayoyi. Rabe ya je a shirye. Ya riga ya sa a ransa za a ce ya rama sallolin duka, ko ya yi azumin wata biyu, ko ya yanka rago, kuma da an faɗa da ya ji daɗi. Malamin ya saurare shi har ƙarshe bai yi dariya ba, ko da yake gemunsa ya ɗan motsa. Ya tambaye shi ko ya nemi sani kafin ya yi sallar, ya ce ƙwarai. Ko wanda ya tambaya masani ne, ya ce shi ke riƙe da kamfas. Ko ya taɓa gane kuskuren ya ci gaba, ya ce Allah ya kiyaye. Sai malamin ya ce wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya kuskure alƙibla, in ya gane lokacin sallar bai fita ba ya sake, in ya fita shi ke nan. Ba ramuwa a kansa.

Rabe ya ce a sake dubawa, wata biyar fa. Malam Isa ya ce ko shekara biyar ce. Rabe ya kawo maganar ragon, ya ce in rago ke damunsa ya saya ya kai wa iyalinsa su ci. Da ya zo kan barin aiki, tsohon ya tattara carbinsa ya ce, "In ka gaji da teku ka bar ta. Amma kada ka ce Allah ya kore ka, bai kore ka ba."

Duk da haka ya koma garejin Jarwal, don ya riga ya faɗa da bakinsa a gida. Lokacin alhazai ne, aiki ya yi yawa, mai garejin ya yi murna da ganinsa. Direbobi suka tsaya a kansa, wannan ya ce nawa, wancan ya ce nawa ne farko, a gyara mota yau ta tafi gobe ba zai ƙara ganinta ba balle ya san halinta. Ya dawo gida da fushi, abin da ba halinsa ba. Barci ma ya ƙi, saboda ɗakin ba ya girgiza. Sa'adiya ta gan shi sau biyu ya ɗora tafin hannu a jikin langa-langa yana saurare. Ta kau da kai ta ci gaba da ƙulla gyaɗarta.

Saura kwana uku jirgi ya tashi, da la'asar, aka yi sallama a ƙofa. Abdulƙadir ne, cikin farar riga mai guga, yana haki saboda hawan dutse, da kwandon 'ya'yan rumman a hannu. Ashe ya ba da labarin a gidansu na Jarwal a matsayin abin dariya, kakarsa Hajiya Ramlatu ta buga masa mafici a ka, ta ce shekara talatin tana cewa a kallar mata da darduma gabas a gabansa, kunnensa na wurin rediyo. Ta koya masa abin da zai faɗa, ta ce kada ya dawo mata gida sai ya faɗa. Ya tsaya a tsakar ɗaki kamar ɗan makaranta mai ba da hadda.

"Ammi Rabe, na yi kuskure. Ni jakin Jarwal ne. Ka yafe mini." Ya ƙara da Larabci cewa ta ce ya faɗa duka, har da jakin.

Aka ji Sa'adiya ta shaƙe da dariya a bayan labule. Rabe ya ce ya zauna, ya ce laifin nasa ne, shi da ke da kalma biyu ya zaɓi wadda ta fi masa daɗin faɗa. Da Hausa ya yi maganar, su biyun kuma suka lura. Aka kawo shayi da gyaɗa. Abdulƙadir ya ci da yawa, ya ba da labarin waɗanda suka yi aure cikin hutu da wanda aka canza wa jirgi. Sai can ya ce, kamar ba komai ba, jiya an gwada injina, na hagun yana tari.

Rabe ya ajiye kofinsa. Ya tambaya wane irin tari, da an tayar ne ko sai ya yi zafi. Abdulƙadir ya ce shi matuƙi ne, bai sani ba, tari dai. Hayaƙin fa, fari ko baƙi? Bai duba ba. Wa ya taɓa shi? Wani da aka kawo daga tashar jirage, ya kwance wani abu ya mayar. Rabe ya miƙe tsaye ya sake zama. Ya ce wannan injin ba a yi masa gaggawa, in ka matsa masa ya fi ka taurin kai, lallaɓa shi ake yi.

Sa'adiya ta fito daga bayan labule ta jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado ta kai ƙofa ta buɗe.

"Ban ce zan tafi ba," in ji Rabe.

"Ni ma ban ce ba. Akwatin ne ke wari, zan shanya shi."

Ranar da jirgi zai tashi, tun da safe ya sauka unguwar Hindawiyya ya shiga motar Jidda. Tarin ba wani abu ba ne, matatar mai ce aka mayar a juye, kafin su fita tasha ya gyara. Maganar bututu kuwa, ya yi ƙoƙarin cewa alƙibla na kwana biyu, harshensa ya koma inda ya saba. Sai suka daidaita a kan cewa in shi ne ya ce gabas, Makka yake nufi, in rayyis ne ya ce sharƙ, rana yake nufi. In aka canza matuƙi, Abdulƙadir ne ke koya wa sabon wannan kafin ya koya masa komai, har aka samu Larabawa uku huɗu a ruwan Jidda da ba su san ko kalma ɗaya ta Hausa ba sai wannan.

Ya ƙara shekara biyar a jirgin. Ya je kudu sau uku, arewa sau ɗaya, mafi tsawo wata bakwai. An yi wa ɗakin Nakkasa bangon bulo a cikin shekarun, an haifi namiji yana teku, ya dawo ya tarar an raɗa masa suna Dawuda ba a jira shi ba, ya ce sunan ya yi. A 1969 likita ya duba shi ya ce rurin inji ya cinye masa kunnen hagu, na dama ma ya kama hanya, aka sallame shi. Bai yi jayayya ba. Ya kama ɗan shago a Hindawiyya yana gyaran risho da injin ɗinki da famfon ruwa, yana zuwa Harami a ƙafa duk la'asar. Da mata suka zo yi wa Sa'adiya jaje kan kunnen, ta ce ita ba ta yi asarar komai ba, dama can ko da biyun ba jin maganarta yake yi ba.